Kafin Ka Kira Ɗan'uwanka "Libaral"

A azumin da ya wuce, wani malami da nake bin tafsirinsa ya iso aya ta 34 a Suratun Nisa'i, ayar da ta yi magana kan matar da ta bijire wa mijinta. Alaramma ya ja baƙi, malam ya fassara kalma bayan kalma bai tsallake komai ba, har wurin da aka ambaci duka. Daga nan ya ajiye littafin ya gyara zama.

Ya ce Aɗa'u ɗan Abi Rabah, muftin Makka a zamanin tabi'ai, yana ganin miji ba zai doki matarsa ba ko da ya umarce ta ta ƙi, iyakarsa ya nuna mata fushinsa. Ya ce Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya kawo wannan magana ya kuma yaba wa fahimtar Aɗa'u. Ya kawo hadisin Nana A'isha da ke cikin Muslim, cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Ya rufe da maganar Shaihu Ɗahir Ibnu Ashur na Tunisiya, wanda ya rasu a 1973, cewa idan hukuma ta ga maza ba sa tsayawa kan iyaka, tana da ikon hana dukan, ta kuma hukunta duk wanda ya yi.

Kafin shan ruwa washegari an yanko minti biyu daga karatun an watsa a Facebook da WhatsApp. "Malam ya zama libaral." "Turawa sun saye shi." "Ɗan boko aƙida ne ya naɗa rawani." Na bi maganganun nan ina karantawa, ban ga wanda ya ce Aɗa'u bai faɗi haka ba, ban ga wanda ya ce hadisin bai inganta ba. Suna kawai aka liƙa wa bawan Allah, aka tashi zancen.

Abin ya tsaya mini a rai. Ra'ayina a nan a fili yake: yadda muke jifan juna da wannan suna yana cutar da addinin da muke cewa muna karewa. Musulmi yana da haƙƙin ya yi tambaya kan ma'anar aya, malami yana da haƙƙin ya saɓa wa wani malami da hujja, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya cancanci a fitar da shi daga Musulunci ko a sa rayuwarsa cikin haɗari. Ban ce kowa ya fassara Alƙur'ani yadda ya ga dama ba, zan zo kan wannan. Amma mafi yawan waɗanda muke kira "libaral" a ƙasar Hausa ba abin da suke yi ke nan ba.

Su wane ne ake nufi?

Idan ka saurari gidajen rediyo za ka ji ana cewa "masu sassaucin ra'ayi". A soshiyal midiya kuwa ba a wahalar da kai, "libaral" ne ko "ɗan boko aƙida". Matsalar ita ce mutanen da ake zubawa cikin buhu ɗaya ba su da alaƙa da juna.

Akwai wanda ya bar sallah, yana izgili da hadisi, yana ganin addini ne ya hana mu ci gaba. Wannan yana nan, ba zan ce babu shi ba. Akwai kuma wanda maganarsa ta siyasa ce zalla: kada gwamnati ta tilasta wa kowa aƙida, doka ta yi wa kowa adalci, a bar mutum ya faɗi ra'ayinsa. Sannan ga malami ko ɗalibi da ya yi imani da kowane harafi na Alƙur'ani, amma ya buɗe littattafan magabata ya ga maganar ta fi abin da aka saba ji faɗi, ya fito ya faɗa. Na ƙarshen nan shi ya fi shan jifa, domin shi ne a kusa, shi ke zuwa masallaci tare da mu.

Ko na tsakiyar ma ya kamata mu yi tunani kafin mu tsine masa. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin cewa ɗalibai mata Musulmi suna da 'yancin sanya hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Da wace hujja aka ci wannan shari'a? Da sashe na 38 na tsarin mulki, wanda ya ba kowa 'yancin addini da tunani. Mun yi murna, kuma mun yi daidai. To wannan ƙa'ida da ta kare 'yarmu a Legas, ita ce dai muke kira kafirci idan wani ya ambace ta a Kano. Musulmin Indiya da na Amurka da na Ingila da ita suke kare masallatansu kullum.

Saɓanin fahimta ba yau ya fara ba

Wasu na cewa Alƙur'ani a bayyane yake, duk mai neman wata fassara ɓarna yake nema. Tarihin sahabbai bai goyi bayan wannan ba.

Bayan yaƙin Khandaƙ, Manzon Allah (SAW) ya ce kada kowa ya yi sallar La'asar sai a Banu Ƙuraiza. Lokaci ya riske su a hanya. Wasu suka ce umarni umarni ne, ba za su yi ba sai sun isa. Wasu suka ce abin da ake nufi a yi sauri, suka tsaya suka yi sallarsu. Da labari ya je masa bai zargi kowa ba. Masu bin lafazi da masu bin manufa duka sahabbai ne, kuma a gaban Annabi aka yi.

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake ba zakka, ciki har da waɗanda ake lallashin zukatansu zuwa ga Musulunci. Sayyidina Umar ya dakatar da ba wasu shugabannin ƙabilu wannan kaso, bisa hujjar cewa Allah Ya riga Ya ɗaukaka Musulunci, ba a buƙatar lallashinsu. Bai goge ayar ba, bai ce ta tsufa ba. Ya dubi dalilin hukuncin ne ya ga babu shi a lokacin. A shekarar yunwa kuma bai yanke hannun wanda yunwa ta sa ya yi sata ba.

Bari in tsaya kan misalin da kowane ɗan unguwa ya sani, wato saki uku.

Mutum ya dawo gida a gajiye, magana ta haɗa shi da matarsa, ya ce "na sake ki saki uku" a numfashi ɗaya. Kafin asuba ya huce. Ga yara huɗu suna barci, ga matar tana haɗa kayanta tana kuka. Da gari ya waye sai ka gan shi da wani aminin nasa suna bin zaurukan malamai. Malamin farko ya ce masa ta haramta gare shi sai ta auri wani, haka Malikiyya ta ce, haka sauran mazhabobi uku suka ce. Ya fito jiki a sanyaye. Aminin ya ce akwai wani malami a can gaba. Wancan ya ce saki uku a kalma ɗaya ɗaya ne, je ka mai da matarka.

Duka biyun suna da madogara. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa a zamanin Annabi (SAW) da na Abubakar da shekara biyu na halifancin Umar, saki uku a haɗe ɗaya ake ƙirga shi. Da Umar ya ga mutane suna gaggawa cikin abin da aka ba su dama su yi a natse, sai ya zartar musu da shi uku. Mazhabobi huɗu suka tafi a kan haka ɗaruruwan shekaru. Sai Ibnu Taimiyya ya zo ya ce ɗaya ne, ya saɓa wa kusan duk malaman zamaninsa, har aka tsare shi a kurkukun Dimashƙa a 1320 saboda fatawowinsa kan saki. Masar ta mai da wannan ra'ayi nasa doka a 1929.

Yau da yawa daga cikin matasan da suka fi kowa saurin cewa "libaral" suna bin wannan fatawa ta Ibnu Taimiyya, kuma ba na ganin laifinsu, ta ceci gidaje da yawa daga auren kisan wuta. Amma su sani fatawa ce mai sauƙi da ta saɓa wa mazhabar ƙasarsu, kuma mai ita ya sha irin sunayen da suke kiran wasu da su yanzu.

Namu na gida

Kada wani ya ce waɗannan labaran Larabawa ne. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake yawon wa'azi, mata suna halartar majalisinsa. Wani malami ɗan Barno, Mustafa Gwani, ya aiko da waƙa yana sukarsa cewa yana haɗa maza da mata. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya ba da amsa, kuma amsar ita ce barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. Shehu da kansa ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da ɗaliban waje su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko hukuncin tsarki ba. Daga wannan gida Nana Asma'u ta fito, ta kafa tsarin 'yan taru, jajis, wato malamai mata, suna kai karatu ƙauyuka.

Shehu da Abdullahin Gwandu ma sun saɓa wa juna a rubuce kan abubuwa kamar kaɗe-kaɗe da sunayen sarauta, Shehu ya sassauta, Abdullahi ya tsaurara. Ba wanda ya kira ɗan'uwansa ɗan kwangilar kowa.

A 1956 Malam Isa Wali, ɗan gidan malamai a Kano, ya yi jerin rubutu a jaridar Nigerian Citizen kan matsayin mace a Musulunci, yana kafa hujja da aya da hadisi cewa da yawa daga abin da ake yi wa mata a Arewa al'ada ce aka sa mata rigar addini. Ƙura ta tashi sosai. A waɗannan shekarun Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba suna neman a bar matan Arewa su yi zaɓe, ana ce musu sun saɓa wa addini. Sai a 1976 aka ba matan Arewa ƙuri'a. Yau wane malami ne yake hawa mumbari ya ce haramun ne mace ta yi zaɓe? Su ne ma ke kira a fito da iyali a yanki kati.

Bayan kafa Izala a Jos a 1978, ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi sukarta da shi shi ne buɗe wa matan aure makarantun Islamiyya. An ce za a lalata matan mutane. Yanzu babu ɓangaren da ba shi da irin wannan makaranta, 'yan ɗariƙa da 'yan Izala duka. Abin da jiya aka kira ɓarna ya zama abin alfahari, kuma babu aya ɗaya da ta canza. Fahimtarmu ce ta gyaru.

Abin da ya kuɓutar da Amina Lawal

Wannan shari'a ta cancanci a riƙa tunawa da ita, domin masu sukar shari'a daga waje da masu zargin hannun Turawa a gida duka suna ba da labarinta ba daidai ba.

A 2002 wata kotun shari'a a jihar Katsina ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa saboda ta haihu bayan aurenta ya mutu. Duniya ta ɗauka. Takardun koke suka riƙa zuwa daga Turai da Amurka, wasu cike da kurakurai da zagin Musulunci, har ƙungiyar BAOBAB mai kare haƙƙin mata, wadda ke cikin masu taimaka mata, ta fito ta roƙi a dakatar da su domin suna iya jawo mata illa.

Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta, alƙalai huɗu cikin biyar. Hujjojin ba daga Majalisar Ɗinkin Duniya aka ɗauko su ba. Daga fiƙihun Malikiyya aka ɗauko su: mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa, ba a kama ta tana aikatawa ba, sannan ga mas'alar kwantaccen ciki, wadda a mazhabar Malik ciki yana iya kaiwa shekara biyar, don haka ana iya jingina ɗan ga tsohon mijin. Ƙa'idar kawar da haddi saboda shubuha ita ta yi aiki.

Alƙalin farko da alƙalan ƙarshe littafi ɗaya suke karantawa. Na farko ya tsaya a shafin hukunci, na ƙarshe suka karanta har shafin sharuɗɗa. Wanda ya fi zurfin karatu shi ya fi sauƙi, kuma haka abin yake sau da yawa. A lokacin akwai masu cewa an sallame ta ne don a faranta wa Turawa. Wannan magana zalunci ce ga alƙalan da suka yi aikinsu da ilimi.

"Ai akwai hannun Turawa"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a wurin masu zargi, kuma ba zan yi kamar ba ta da tushe ba.

A 2003 cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta fitar da rahoto tana ba da shawarar a tallafa wa Musulmi 'yan zamani a kan masu riƙo da al'ada da masu tsauri. A wannan shekarar aka mamaye Iraƙi da sunan kai musu 'yanci. A 2004 Faransa, mai kirarin 'yanci, ta hana 'yan mata sanya hijabi a makarantun gwamnati. Kafin wannan duka, Shugaba Bourguiba na Tunisiya a 1960 ya nemi ma'aikata su ajiye azumi wai don a gina tattalin arziki, ya nemi malamai su ba shi fatawa, manyansu suka ƙi. Wanda ya san waɗannan ba za a ce masa mai mugun zato ba idan ya ji ana maganar "gyaran Musulunci" ya ɗaga gira.

Amma ina wannan ya kai mu? Don wani a Washington yana son a ce kada a doki mata, sai maganar Aɗa'u da ya rasu fiye da shekara dubu kafin a kafa Amurka ta zama ƙarya? Idan muka ce duk abin da Bature ya yaba mun bar shi, to mun miƙa masa linzamin addininmu ke nan ta bayan gida, shi zai riƙa zaɓa mana abin da za mu ƙi. Ana auna magana da hujjarta. Idan akwai shaidar wani ya karɓi kuɗi don ya karkatar da fatawa, a kawo shaidar. Idan babu, to ƙazafi ne, kuma hukuncin ƙazafi da cin naman malamai ba ya cikin abin da aka yi saɓani a kai.

"In aka buɗe ƙofa kowa zai shigo"

Nan ne nake rabuwa da wasu abokaina 'yan boko. Tafsiri ilimi ne mai kayan aiki. Sai da Larabci, nahawu da balaga, sai da sanin dalilin saukar aya, da nasikhi da mansukhi, da hadisi, da usulu. Mutumin da ya karanta fassarar Turanci a wayarsa, ya wayi gari yana cewa malaman shekara dubu da ɗari huɗu duk ba su gane ba sai shi, wannan girman kai ne, ba bincike ba. Wanda ya riga ya yanke abin da yake so ayar ta ce, sannan ya zo yana murɗa ta har ta faɗa, shi ma ba tafsiri yake yi ba.

Kuma akwai abubuwan da ba sa karɓar ijtihadi. Salloli biyar, azumin Ramadan, haramcin zina da giya da riba, kason gado da Alƙur'ani ya ƙayyade da lissafi. Malamai sun bambance nassin da ma'anarsa yankakkiya ce da wanda ke ɗaukar fuska fiye da ɗaya. Filin saɓani a na biyun yake, kuma fili ne mai faɗi ƙwarai, ya fi yadda ake nuna mana a wa'azin minti biyu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai dai sharuɗɗan nan ba a kan mai sassauci kaɗai suke ba. Yaron da ya yanko bidiyon malami ya rubuta "zindiƙi" a kai, shi ma a tambaye shi ina Larabcinsa, ina usulunsa. Aya ta 116 a Suratun Nahli ta hana mutum ya ce wannan halal ne wannan haram ne bisa ƙarya, ta haɗa su biyun a wuri ɗaya. Mun saba ganin mai haramtawa a matsayin mai tsoron Allah ko da bai san komai ba, mai halattawa kuwa abin zargi ko da ya haddace littattafai. Wannan ma'auni ba daga shari'a ya zo ba.

Sannan mu tambayi kanmu da gaske: a ƙasar nan, wace irin muguwar fassara ce ta fi zubar mana da jini? A Disambar 1980 rikicin Maitatsine ya ci rai fiye da 4,000 a Kano. Boko Haram da aya suka riƙa kafa hujja suna yanka Musulmi a masallatai da kasuwanni. Su suka ɗauki alhakin kashe Shaikh Albani Zariya a Fabrairun 2014. Bayan sace 'yan matan Chibok, Shekau ya fito ya ce zai sayar da su a kasuwa, yana ganin nassi ne ya ba shi dama. Malaman duniya suka yi masa ca, kuma suka yi gaskiya, alhali babin bayi yana nan cikin littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaure. An haramta bauta baki ɗaya a Arewacin Najeriya a 1936, Saudiyya a 1962, kuma babu malamin kirki da ke neman a dawo da ita. Ashe dukkanmu mun yarda cewa akwai hukuncin da ke tafiya da yanayinsa, kuma shari'a tana da inda ta dosa, wato 'yanta bayi.

Khawarijawa ma da aya suka fito wa Sayyidina Ali, suna cewa babu hukunci sai na Allah. Ya ce kalmar gaskiya ce ake nufin ɓata da ita. Ƙarshe ɗayansu ne ya kashe shi yana hanyar sallar Asuba.

Ko da ya yi kuskure

To a ce mutum ya wuce iyaka da gaske, ya zo da fassarar da ba ta da madafa. Me za a yi da shi?

Mahmud Muhammad Taha na Sudan ya zo da ra'ayin cewa ayoyin Makka su ne saƙo na dindindin, hukunce-hukuncen Madina kuwa na zamaninsu ne. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin ya kifar da ƙa'idar nasikhi da mansukhi, kuma malamai sun yi masa raddi mai ƙarfi. Amma ba raddin ne ya yi ajalinsa ba. Ya soki dokokin da Shugaba Numairi ya kafa a 1983, sai aka gurfanar da shi, aka rataye shi a kurkukun Kobar ranar 18 ga Janairun 1985, yana dattijo ɗan shekara 76. Ba a cika wata uku ba aka hamɓarar da Numairi, kuma a 1986 Kotun Ƙolin Sudan ta soke hukuncin. An soke, amma mutumin yana kabari. Littattafansa kuwa sai suka ƙara yaɗuwa har aka fassara su zuwa wasu harsuna.

A Masar kotu ta yanke a 1995 cewa Nasr Hamid Abu Zaid ya yi ridda saboda rubuce-rubucensa kan Alƙur'ani, ta raba aurensa da matarsa ba tare da ɗayansu ya nema ba. Suka tattara suka koma Holan. Wace shubuha ce wannan hukunci ya warware wa ɗalibin da ya karanta littafin mutumin ya rikice? Babu. Ɗalibin dai ya koyi cewa tambayar tana da haɗari, sai ya haɗiye ta, ta ci gaba da cinsa a ciki.

An ruwaito cewa wani halifan Abbasiyawa ya nemi ya tilasta wa duk daular bin Muwaɗɗa, littafin Imamu Malik, amma Malik da kansa ya hana, ya ce sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da abin da ya riske su na ilimi. Mai littafin ke nan, a lokacin da ƙarfin gwamnati yake hannunsa in ya so. Mu da muke kiran kanmu mabiyansa ya kamata mu ji nauyin wannan.

Yaranmu suna tambaya

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba malaman da ake zagi ba ne, su suna da ɗalibai da za su kare su. Yara ne.

Yarinya 'yar aji uku a jami'a ta karanta wani abu a intanet kan gado ko shaidar mace ko auren ƙananan yara. Tana sallah, tana azumin Litinin da Alhamis, amma abin ya tsaya mata. Ta tambayi yayanta, ya ce, "Ke, kin fara zama feminis ko?" Ta tambayi malamin Islamiyya, ya ce ta yi istigfari, shaiɗan ne. Ta koma ɗaki da wayarta. A can akwai waɗanda ba za su kore ta ba, za su zauna da ita har tsakar dare suna ba ta amsa, kuma da yawansu ba masu son ta da addininta ba ne.

Alhali tambaya ba baƙuwa ba ce a wannan addini. Annabi Ibrahim ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu, aka ce ba ka yi imani ba ne, ya ce na yi, don dai zuciyata ta natsu. Khaula 'yar Sa'alaba ta yi ta mai da magana da Manzon Allah (SAW) kan abin da mijinta ya yi mata, Allah Ya saukar da sura guda da ta fara da cewa Ya ji maganarta. Ummu Salama ta tambaya me ya sa ake ambaton maza ba a ambaton mata, aya ta 35 a Suratul Ahzab ta sauka tana jera Musulmi maza da Musulmi mata, muminai maza da muminai mata.

Roƙona ga malamanmu masu tafsiri, Allah Ya gafarta muku, idan kun zo ayar da magabata suka yi saɓani a kanta, ku faɗa mana an yi saɓani. Ku ambaci wanda ya ce kaza da wanda ya ce kaza, sannan ku faɗi wanda kuka rinjayar da dalilinku. Jama'a za su iya ɗauka. Mutumin da ke iya bin rikicin siyasar jiharsa dalla-dalla ba zai kasa gane cewa Malik da Shafi'i sun saɓa ba. Ɓoye saɓanin shi ke sa ranar da yaro ya gano shi da kansa ya ɗauka an yaudare shi, daga nan ya fara shakkar har abin da babu saɓani a kansa.

Ku kuma ware lokacin amsa tambayoyi na gaske, a bar mata su rubuto a takarda ba suna, a karanta tambayar yadda aka rubuta ta ko da tana da nauyi. Idan wani cikin ɗalibanku ya yanko maganar wani malami ya watsa da zagi, ku kira shi ku tsawata masa a gaban 'yan'uwansa, ko da malamin da aka zaga ba na ɓangarenku ba ne.